Wuta Daga Kanal Ko Daga Rana: Abin Da Ƙungiyar Manoma Za Ta Auna Kafin Ta Fitar Da Kuɗi

Duk wanda ya bi gefen manyan hanyoyin ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa a Maga, ko waɗanda ke ƙasan madatsar Lagdo, duka a arewacin Kamaru, zai ga ruwa yana tafiya a cikin kanal tsawon lokacin ban ruwa, alhali ƙauyuka da dama da ke bakinsa suna kwana cikin duhu, wasu kuma wayar ta iso musu amma wutar sai ta ga dama take zuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da tambaya ta fara yawo tsakanin ƙungiyoyin manoma da matasan da suka koyi aikin lantarki: tun da an riga an haƙa hanyar ruwan, an kuma kashe kuɗin datse kogin tun shekaru masu yawa, me zai hana a sanya ƙaramin inji a ciki ya ba mu wuta? Tambayar tana da tushe, domin ana yin haka a ƙasashe da dama. A Renala da ke Fakistan akwai tashar da aka gina a kan hanyar ban ruwa tun 1925, mai ba da kimanin megawat ɗaya, kuma jihar Funjab ta Indiya cike take da ƙananan tashoshi a wuraren da ruwan kanal yake gangarowa daga tudu zuwa kwari. Sai dai ƙasarmu ba Funjab ba ce, kuma kuɗin ƙungiya guda ɗaya ne: idan aka zuba shi a inji, ba za a same shi a zuba a sola ba.

Matsalar wuta a arewacin Kamaru ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda yake zaune a cikinta. Jihohi uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da damina ta gaza cika tafkin, kamar yadda aka gani wajen 2020 da 2021, an sha rabon wuta daga Ngaundere har Marwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, masu kimanin megawat 30 a haɗe lokacin da aka fara su, sun rage raɗaɗin a birane, amma ƙauyen da turakun waya ba su kai shi ba bai san an yi ba. A Cadi kuwa lamarin ya fi tsanani, domin masu samun wutar lantarki a ƙasar ba su wuce mutum ɗaya cikin takwas ko goma ba, kuma yawancinsu a Njamena suke. Wanda yake bakin kanal, a wannan gaɓar kogin Logon ko waccan, zaɓinsa na gaskiya huɗu ne: injin da ake tsomawa cikin ruwa mai gudu, injin da ake kafawa inda ruwa yake faɗowa, faifan sola da batura, ko janaretan da aka saba da shi.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu, kuma a nan ne kuɗi ya fi salwanta, don haka zan daɗe a kansa. Ido yana ganin ruwa mai gudu sai ya ɗauka ƙarfi ne mai yawa, amma lissafi yana nuna akasin haka. Ruwan da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ƙarfin gudunsa daidai yake da na ruwan da ya faɗo daga tsawon santimita 5 kacal. Idan aka tsoma farfela mai faɗin murabba'in mita ɗaya a cikinsa, dukan ƙarfin da ke ratsa wannan faɗin wat 500 ne, kuma babu farfelar da za ta kwashe shi gaba ɗaya, domin dole ruwan ya ci gaba da tafiya bayan ya wuce ta. A aikace abin da ke isa ga waya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato wajen wat 170. Wannan ma idan ruwan ya kai wannan gudun ke nan. Ƙarfin ruwa mai gudu ba ya raguwa daidai da raguwar gudun: idan gudun ya koma rabi, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Kanal na ƙasa, wanda ba a shafe shi da siminti ba, da gangan ake tsara shi ruwan ya tafi a hankali don kada ya cinye gaɓa, galibi wajen rabin mita a daƙiƙa ko abin da ya ɗara haka kaɗan. A irin wannan ruwan, farfelar da muka ambata wat 20 za ta bayar. Ko da ta kwana ta wuni tana juyawa, abin da za ta tara a awa 24 rabin kilowat-awa ne, wato daidai da wat 500 na tsawon awa ɗaya, wanda faifan sola guda ɗaya mai wat 150 zai ba da fiye da shi tsakanin hantsi da la'asar, ba tare da boris ɗin da zai ci ba, ba kuma ciyawar da za ta naɗe shi.

Wannan ba yana nufin injin tsomawa ƙarya ba ne. Inda kanal yake da shafen siminti kuma ruwan ya kai mita biyu a daƙiƙa, farfelar nan za ta haura kilowat ɗaya, kuma a irin waɗannan hanyoyin ne wasu kamfanoni suke kafa su a yammacin Amurka. Fa'idarsa a fili take: ba a fasa gini, ba a tare ruwa, ana iya ɗaga shi a fitar idan lokacin yasa ya yi. Amma hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp na farfela tana juyawa da ƙwan fitila a kunne ba sa faɗin gudun ruwan da aka ɗauki hoton a cikinsa, kuma mai sayarwa yakan rubuta iyakar abin da injin zai iya bayarwa a ruwa mafi gudu. A filin Logon, inda ƙasa take shimfiɗe har ruwan ambaliya yake rasa inda zai nufa, ina ganin sayen irin wannan inji ba tare da an auna gudun ruwa ba zubar da kuɗin jama'a ne. Wurin da ya cancanci a duba kawai shi ne inda kanal ya tsuke, kamar ƙarƙashin gada ko bakin kwalbati, domin nan ne ruwa yake ƙara sauri.

Ƙarfin gaske yana inda ruwa yake faɗowa. Lissafinsa mai sauƙi ne: lita 1,000 da ke faɗowa daga tsawon mita ɗaya a kowace daƙiƙa suna ɗauke da kusan kilowat 10, kuma ƙaramin inji mai kyau yana mayar da rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na wannan ya zama wuta. Mu ɗauki kanal mai ɗaukar lita 500 a daƙiƙa wanda yake da faɗuwar mita 2 a wani wuri. Zai ba da wajen kilowat 6, dare da rana, wato kimanin kilowat-awa 140 a kwana ɗaya. Kafin sola ta tara wannan adadin sai an jera fayafayen da suka kai kilowat 30, a kuma sayi baturan da za su riƙe rabon dare. Janareta kuwa zai sha wajen lita 50 na man gas, wato dizal, wanda a farashin sefa 828 da gwamnatin Kamaru ta sa wa lita a Fabrairun 2024 ya haura sefa 40,000 kowace rana. Ko ƙaramar hanya mai lita 100 da faɗuwar mita ɗaya da rabi tana iya ba da wat 700, abin da zai ishi firijin ajiye allurar rigakafi da fitilun ɗakin haihuwa da cajin wayoyin unguwa guda. Irin waɗannan faɗuwar ba sai an ƙirƙira su ba, domin masu tsara ban ruwa sukan gina matakala ta siminti inda ƙasa ta gangara fiye da yadda ruwa yake buƙata, don kawai a kashe ƙarfin ruwan kada ya zaizaye kanal. Wannan ƙarfin da ake kashewa da gangan shi ne abin nema.

Saboda haka wuri ne yake yanke hukunci, kuma wuraren namu ba iri ɗaya ba ne. Ƙasan Lagdo ya fi kowane wuri alamar dacewa, domin ruwan yana fitowa ne daga tafki mai tudu, yana gangara da kansa zuwa gonaki ba tare da famfo ba, ƙasar kuma tana da ɗan hawa da sauka. Maga tana tsakiya. Madatsar da aka gina a 1979 doguwa ce, kilomita 27 daga Girbidik zuwa Pus, amma gajeriya ce a tsaye, kuma ruwan yana shiga manyan hanyoyi ta ƙofofi ba da famfo ba. Akwai tazara tsakanin ruwan tafki da na kanal a bakin ƙofofin, sai dai tana raguwa yayin da tafkin yake ja baya a ƙarshen rani, wato daidai lokacin zafin da aka fi buƙatar wuta. Yagwa, garin da ke bakin Logon, kuma wani abu ne daban, haka ma ɗimbin ƙananan gonakin da ke gaɓar Logon da Shari ta ɓangaren Kamaru da na Cadi, domin ruwansu da famfo ake ɗago shi daga kogi. Ruwan da aka biya kuɗin mai ko na wuta aka ɗaga, ba shi da wani ƙarfi na kyauta a cikinsa. Duk abin da aka tatsa daga gudunsa, famfon ne ya biya, kuma ya biya fiye da abin da aka samu. A irin wannan wurin maganar da ta dace ita ce mayar da famfon kansa ya koma aiki da hasken rana.

Idan an sami faɗuwar, sai a zo kan irin injin, kuma a nan ma akwai zaɓi. Mafi sauƙin kuɗi shi ne ƙaramar farfela mai tsayuwa a kan bututu, irin wadda ake ƙerawa a Sin da Biyetnam, mai aiki da faɗuwar mita ɗaya da rabi kuma mai ba da wat 200 zuwa 1,000. Mutum biyu za su ɗauke ta, kafa ta ba ya cin siminti mai yawa, amma boris ɗinta ba ya daɗewa kuma ba ta jure ruwa mai yashi. Sai ganga mai fikafikai wadda ruwa yake ratsawa ta gefe ya fita ta ɗaya gefen. Babbar darajarta ita ce ƙwararren mai walda a Garwa ko Marwa zai iya ƙera ta idan aka ba shi zane mai kyau, ya kuma gyara ta idan ta lalace, sai dai ta fi son faɗuwar da ta kai mita uku zuwa sama, wadda ba a cika samu a kanal ɗinmu ba. Akwai babban wilin ruwa na gargajiya, wanda shi ma ana iya ƙera shi a gida kuma ba ya tsoron shara, amma yana juyawa a hankali ƙwarai, sai an bi ta bel da giya kafin a kai saurin da injin wuta yake so, kuma a wannan hanyar ƙarfi yake zubewa, nan ne kuma lalacewa take yawan farawa.

Wanda ya fi dacewa da halin ruwanmu a ganina shi ne murɗin Arkimidis, wato dogon ƙarfe murɗaɗɗe irin na cikin injin markaɗe, sai dai ƙato ne, a kwance a karkace cikin kwami, ruwa yana shiga ta sama yana tura shi da nauyinsa har ya fita ta ƙasa. Yana aiki da faɗuwar mita ɗaya zuwa kimanin goma, yana mayar da wajen kashi 70 cikin 100 ko fiye, ba ya damuwa sosai idan ruwa ya ragu, kuma kara da ganye da laka suna wucewa ta cikinsa ba tare da sun toshe shi ba. Kifi ma yakan wuce da ransa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da kamun kifi yake ciyar da gidaje kamar yadda shinkafa take ciyar da su. Aibinsa nauyi da tsada: yana buƙatar gini mai ƙarfi da akwatin giya, kuma babba daga waje ake kawo shi, ta Duwala, da duk abin da wannan doguwar hanya take ci. Ƙungiyar manoma ita kaɗai da wuya ta ɗauki nauyinsa, sai da hannun ofishin magajin gari ko wani shiri na raya karkara.

Kowane iri aka zaɓa, akwai abu uku da mai sayarwa ba ya saurin ambata. Na farko na'urar daidaita wuta. Ruwa ba ya sanin an kashe fitilu, yana ci gaba da tura farfela, kuma idan ba a karkatar da rarar wutar zuwa wani abu ba, misali ƙarfen dafa ruwa, injin zai yi gudun da ya wuce kima ya ƙona talabijin da cajar mutane. Na biyu waya. Faɗuwar ruwan tana inda mai tsara kanal ya ajiye ta, ba inda gari yake ba, kuma wuta mai bolt 220 tana raunana a doguwar waya. Idan nisan ya haura kilomita ɗaya, kuɗin waya mai kauri da turaku ko na taransifoma yana iya kamo kuɗin injin, ga kuma ɓarayin waya. Na uku mutum. Ragar ƙarfen da ke tare shara a bakin injin sai an share ta kullum, wani lokaci safe da yamma, musamman yanzu da leda ta haɗu da kainuwa da kacala a hanyoyin ruwa. Wanda zai yi wannan aiki yana bukatar albashi, da dogon takalmin roba da manjagara mai doguwar ƙota, domin ruwan kanal mai tafiya a hankali gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne. Haka kuma dole a killace wurin, tun da a kanal ɗin ne yara suke wanka, mata suke wanki, shanu suke shan ruwa.

Sola ba ta da yawancin waɗannan wahalhalun, shi ya sa ta cika kasuwa. Yankinmu yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a duniya, inda kilowat ɗaya na fayafai yake ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini. Ana kafa ta a kan rufin da ake buƙatar wutar, ba a neman izinin mai kanal, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kayanta suna nan a kasuwannin Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena, masu haɗa ta kuma sun yawaita. Rauninta batir ne. Zafin Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, yana gajarta ran batirin darma ƙwarai, har wanda aka ce zai yi shekara biyar ya gaza kai rabin haka idan ana zuƙe shi kowane dare. Na litiyam ya fi jurewa amma kuɗinsa na farko ya fi yawa. Ƙurar hunturu tana rage wuta idan ba a goge fayafan, gizagizan Agusta ma haka. Don haka wanda yake kwatanta farashi ya kwatanta na shekara goma, ya sa kuɗin sauya batura a ciki, domin ɗakunan shan magani nawa ne a karkara suke da fayafai lafiyayyu a kan rufi da matattun batura a ƙasa, saboda wanda ya kawo kyautar bai bar kuɗin sauyi ba?

A nan ne injin ruwa yake da fifikon da sola ba za ta kamo ba: yana ba da wuta da tsakar dare ba tare da batir ba, kuma idan an kula da shi gininsa da ƙarfensa suna shekaru masu yawa. Amma wannan fifikon yana rataye da sharaɗi guda, wato watanni nawa ruwa yake tafiya a kanal, kuma awa nawa a yini. Kanal ba kogi ba ne. Ana buɗe shi ana rufe shi gwargwadon buƙatar shinkafa. Akan rufe tsakanin noman rani da na damina don yasa da gyara, akan rage ruwa idan sama ta yi, akan tsayar da shi gab da girbi don gona ta bushe, wasu ƙananan hanyoyin ma kwana-kwana ake ba su ruwa. Injin da ke kan babbar hanya mai ruwa wata tara ko goma a shekara dukiya ce. Wanda ke kan reshe mai samun ruwa kwana biyu a mako ba zai mayar da kuɗinsa ba, komai kyansa. Sannan lissafin kilowat-awa 140 da muka yi a baya yana da amfani ne kawai idan akwai mai shan wutar. Ƙauyen da fitila da cajin waya kaɗai yake buƙata ba zai sha ko kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran ya tafi a dafa ruwan da ba wanda ya nema. Injin yana biyan kansa ne idan aka haɗa shi da sana'a: injin casar shinkafa da na niƙa da rana, walda, sai kuma da dare injin ƙanƙara da ɗakin sanyi na masu kifi da masu tumatir.

Akwai maganar da ta fi duk lissafin nan nauyi, ita ce haƙƙin manomin da ke ƙarshen kanal. An haƙa hanyar ne don shinkafa, kuma a fili mai shimfiɗa santimita goma na tsayin ruwa shi ne bambancin gonar da ruwa ya hau da wadda bai hau ba. Duk abin da aka tsoma a cikin kanal yana tare ruwa ya ɗaga shi ta baya. Idan gaɓar ba ta da sarari sai ya malala, idan kuma aka rage ƙofa don kada ya malala sai na ƙarshe ya rasa. Wanda ya ce zai ƙirƙiri faɗuwa ta hanyar datse kanal, daga gonar wani yake ɗebo ta. Rigimar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa tsohuwa ce a duk inda ake ban ruwa, kuma bai kamata a ƙara mata wata tsakanin masu fitila da masu gona ba. Shi ya sa injin da aka tsara da hankali ake kafa shi a gefe, a bar tsohuwar hanya a buɗe, ta yadda idan ya tsaya cikin dare ruwan zai bi inda ya saba ba tare da jiran kowa ba. Kuma kanal yana da mai shi. A Maga da Yagwa hukumar noman shinkafa ta SEMRY ce, ƙasan Lagdo kuma akwai hukumar raya yankin, don haka izini a rubuce ya zo kafin sayen ko da buhun siminti ɗaya, bayan an zauna da lawani da jauro da shugabannin masu amfani da ruwa an rubuta cewa ban ruwa ne gaba, wuta na biye.

Lokaci ma yana da tasiri a kan farashi. Fasa ginin da ya riga ya tsaya don a shigar da inji yana da tsada, amma barin gurbi a gefen matakalar ruwa lokacin da ake gina ta ƙaramin ƙari ne. Bankin Duniya ya amince da manyan shirye-shirye biyu na gyara da faɗaɗa ban ruwa, ɗaya a kwarin Binuwai a 2020, ɗaya a kwarin Logon a 2021, kuma duk inda ake sabunta kanal, ƙungiyoyin manoma suna da hurumin tambayar injiniyoyi wuraren da ruwa yake faɗowa da tsawon kowace faɗuwa, domin waɗannan alƙaluma suna cikin zanen aikin. Tashar Mbakawu da ke jihar Adamawa, mai kimanin megawat ɗaya da rabi, wadda take ba Tibati wuta, ta nuna cewa ƙaramar tashar ruwa tana iya tsayawa a ƙasar nan, ko da yake ita a kan kogin Jerem take ba a kan hanyar ban ruwa ba.

Wasu sukan kawo shawarar rufe saman kanal da fayafan sola, kamar yadda jihar Gujarat ta Indiya ta fara a 2012 da megawat ɗaya a kan tsawon mita 750. Yana hana cin filin noma, yana rage ƙafewar ruwa, inuwar kuma tana rage ciyawa. Amma ƙarafan da za su ɗauki fayafan daga gaɓa zuwa gaɓa suna da tsada, suna kuma tare hanyar yasa, mu kuwa ba filin ajiye fayafai muka rasa ba. Janareta shi ma bai buƙaci dogon zance: shi ne mafi arha ranar saye, mafi tsada kowace rana bayan nan, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 man da ke tsallako iyaka ya daina zama mai sauƙi. Amfaninsa ya zauna a ajiye don makonnin da aka rufe ruwa.

Kafin a kira kowane ɗan kasuwa, akwai awon da matasan gari za su iya yi da kansu. A auna mita 10 a miƙaƙƙen wuri, a jefa gora mai rabin ruwa a tsakiya, a duba daƙiƙa nawa ta ɗauka, a maimaita sau da yawa. Idan ta ɗauki daƙiƙa 20, gudun rabin mita ne, sai a ajiye maganar injin tsomawa gaba ɗaya. A auna faɗi da zurfin ruwan a ninka su, a ninka da gudun, a rage kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan ƙasa da na gefe bai kai na sama sauri ba, abin da ya fito shi ne yawan ruwan. Tsawon faɗuwa kuma da siririn tiyo mai ruwa a ciki ake auna shi, irin wanda magina suke daidaita gini da shi, daga fuskar ruwan sama zuwa fuskar ruwan ƙasa. A yi wannan a farkon rani, a sake a watan Afrilu ko Mayu, a kuma nemi mai kula da ƙofa ya faɗi ranakun da ya rufe a shekarar da ta wuce.

Idan awon ya nuna faɗuwar da ta kai mita ɗaya da rabi, da ruwan da bai gaza lita 200 a daƙiƙa ba, mai tafiya aƙalla wata takwas, a wurin da bai wuce kilomita ɗaya daga masu buƙata ba, kuma akwai injin casa ko ɗakin sanyi da zai sha wutar, to injin ruwa ya cancanci a ɗauko injiniya ya zana shi, a haɗa masa 'yan fayafan sola da za su riƙe firijin magani da fitilu lokacin da aka rufe kanal. Idan ruwan kaɗan ne amma faɗuwar tana nan kusa da ɗakin shan magani ko makaranta, ƙaramar farfela mai caja batura ta isa, da boris biyu a ajiye tun ranar saye. Inda kuwa aka rasa faɗuwa, ko ruwan na famfo ne, ko kwana-kwana yake zuwa, wanda shi ne halin yawancin garuruwan filin Logon da gaɓar Shari, kuɗin ya tafi ga sola, a sa manyan ayyuka kamar casa da niƙa da ɗaga ruwa su riƙa gudana da rana don a rage yawan baturan da za a saya, a kuma buɗe asusun sauya batir tun watan farko, kowane gida yana zuba abin da aka yanka masa.